Tallafin Sallah a unguwarmu: mu tara su a layi ko mu bi su har gida?

Ɗan Layin Makaranta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya ibada ya ƙishirwa. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa saboda yau azumi 16, kwanaki sai gudu suke.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta samarin unguwa anan Kano, ba wata babba bace mu 22 ne, shekara uku kenan duk azumi muna haɗa kuɗi mu yiwa marasa ƙarfi na unguwar wani abu kafin Sallah. Bana Alhamdulillah mun tara naira dubu 640, a ciki dubu 300 wani yayanmu ne ɗan unguwar dake zaune a Jidda ya turo, sauran kuma karo-karo ne, wani dubu biyu wani biyar wani ɗari biyar ma akwai. Toh matsalar da ta taso itace jiya bayan asham mun zauna har kusan sha ɗaya bamu cimma matsaya ba, saura kaɗan ma a rabu baram-baram.

Bara abinda mukayi shine mun buga kati 80 muka raba, mukace kowa yazo filin firamare da safe ya karɓi ledarsa, shinkafa kwano ɗaya da taliya da ɗan mai da sikari. Wallahi kafin ƙarfe takwas mutanen dake wajen sun haura ɗari uku, wasu daga wata unguwar ma suka zo, masu kati basu samu shiga ba marasa kati sun danno ƙofa, wata tsohuwa aka tureta ta faɗi har ta gurje gwiwa. Wannan ɗaya. Na biyu kuma shi yafi tsaya min a rai, akwai wata maƙociyarmu mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ni da hannuna na kai mata kati amma bata zo ba, bata kuma aiko ba. Bayan Sallah mahaifiyata take faɗa min wai cewa tayi gara ta kwana da yunwa da a ɗauketa hoto tana karɓar leda 'ya'yanta su gani a wayar abokansu. Kuma gaskiya mun ɗauki hotuna mun saka a Facebook, harda allon ƙungiya a baya. Tun daga ranar abin yake cina.

Shine bana nace mu bar taron nan mu bi mutane gida da daddare. Wasu sukace a'a, shi yayan namu na Jidda da sauran waɗanda suka bada kuɗi dole suga shaida, in babu hoto gobe za'a ce mun cinye, kuma hoton ne ma yasa bana aka samu kuɗi fiye da bara. Nima na san maganarsu ba ƙarya bace.

Tambayoyina sune, ya zamuyi da maganar hoton nan? Sannan ta yaya ake gano masu buƙata na gaskiya waɗanda basa roƙo? Abinci zamu saya ko kayan Sallah na yara marayu, dan kuɗin bazai ɗauki biyun da yawa ba? Sai kuma wasu magidanta sunce zasu kawo mana zakkar kononsu mu haɗa mu raba, shin ya halatta mu zubata cikin wannan asusun? Masu ilimi da waɗanda suka taɓa irin wannan aikin a taimaka mana.

Maman Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanina Allah ya saka muku da alkhairi, amma wallahi ina karanta labarin maƙociyarku hawaye ya zubo min dan kamar labarin gidanmu ka bayar.

Babanmu ya rasu ina shekara tara, mu shida ya bari. Innarmu wankau take yi da surfe, kuma irin matan nan ne da ko kwana biyu ba'a ɗora tukunya ba bazaka ji a bakinta ba, takan hura wuta ta ɗora ruwa zalla dan kada maƙota su lura babu hayaƙi a gidan. Wata Sallah wata ƙungiya ta tara marayu aka ɗinka mana kaya iri ɗaya, atamfa ɗaya mu wajen arba'in, aka jera mu aka ɗau hoto. Ranar Sallah mun fita yawo da murnarmu sai yaran layinmu suka fara cewa ga 'yan ankon marayu nan. Ƙanwata ta dawo gida ta cire kayan bata ƙara sakawa ba har suka yi mata kaɗan. Yanzu shekara ashirin da wani abu kenan amma har yau in naga irin zanen atamfar nan a jikin wata sai gabana ya faɗi. Su mutanen da alkhairi suka nufa, ban taɓa zaginsu ba, amma basu san me suka bari a zuciyar yara ba.

Wanda kuma bazan taɓa mantawa dashi a addu'a ba wani dattijo ne mai sayar da hatsi a bakin layi, Allah ya jiƙansa. Duk daren ashirin da bakwai zai aiko almajirinsa da gero a ƙullin buhu bayan kowa ya shige, yace a cewa Inna saƙo ne daga abokin marigayi. Sai da na girma na gane babu wani bashi ko amana tsakaninsa da babanmu, dabara ce kawai dan ta karɓa ba tare da taji nauyi ba.

Dan haka ni dai ina bayanka, ku bi su gida. Amma ku samari kada ku zauna ku kaɗai ku rubuta sunaye, bazaku san komai ba wallahi. Cikin gida mata ne suka sani. Ku nemi dattijuwa biyu ko uku masu riƙe sirri, irin su unguwarzoma ko malamar islamiyyar matan aure, su ke shiga lungu da saƙo. Ku tambayi mai injin markaɗe wace ce ta daina kawo niƙa, ku tambayi mai kantin layi waye sunansa ya daɗe a littafin bashi har ya fara canza hanya dan kunya, ku tambayi mai shayi da mai itace. Malamin islamiyya ya san yaran da aka daina turowa saboda kuɗin wata. Waɗannan sun fi kowane kati sanin gaskiya. Kuma kada ku tsaya kan marayu da zawarawa kawai, akwai gidan da mijin yana raye amma ciwo ya kwantar dashi, akwai ɗan fansho da yara goma, akwai wanda yake saka farar shadda ranar Juma'a guda ɗaya ce tal yake wankewa yana gogewa, kowa na ganinsa da rufin asiri alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi bai ƙara cin abinci sau uku a gidansa ba.

In zaku kai, mace ta shiga wajen mace. Kada samari biyar su tsaya ƙofar gidan bazawara da buhu, gobe wata maganar ce daban zata tashi. Ku bawa uwayenku ko yayyenku mata su shiga dashi cikin hijabi kamar ciyayyar da aka saba yi tsakanin maƙota, ai da can haka ake, kwano ya fita kwano ya shigo ba wanda ya san wa ya fi wani buƙata.

Maganar abinci ko kaya kuma, ni a ganina abinci ne gaba, amma kada ku raina kayan Sallah. Babba zai iya haƙuri, yaro ɗan shekara shida bai san haƙuri ba, shi dai yaga kowa da sabon kaya shi babu. Ko takalmi da hula ne ku saka.

Almajirin Zaure ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya karɓi ibada. Zan ɗan taɓa ɓangaren zakkar, sauran na barwa waɗanda suka fini sanin aikin.

Malam kada ku zuba zakkar fidda kai cikin asusun nan, ku ware ta daban da buhunta daban. Dalili shine ita ibada ce mai iyaka, tana da abin da ake fitarwa, da gwargwado, da lokaci, da wanda ake baiwa. A hadisin Ibn Umar dake Bukhari da Muslim, Annabi SAW ya farlanta ta sa'i ɗaya akan kowane musulmi, namiji da mace, yaro da babba, ya kuma yi umarni a bayar kafin mutane su fita sallar idi. Sa'i shine mudu huɗu da mudun Annabi, wato cikin tafi biyu na matsakaicin mutum sau huɗu, a kilo kuma malamai na ƙiyasta shi tsakanin biyu da rabi zuwa uku. Ana fitarwa daga abincin da mutanen gari suka fi ci, mai Risala ya lissafo gero da dawa da shinkafa a ciki, dan haka mu nan babu wahala. A mazhabarmu ta Malikiyya da mafi yawan malamai abinci ake bayarwa, Imam Abu Hanifa ne ya halatta a bada ƙimarsa da kuɗi. To kunga in kuka sayar ko kuka juya ta ta koma yadi da takalmi kun fita daga abin da aka wakilta ku akai. Wakilci kam ya halatta, magidanci ya baku ku isar masa, amma ya zama amana a wuyanku ta isa hannun talaka kafin a tada sallar idi. An yi sauƙi a bayar kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, sahabbai sun yi hakan. Ibn Abbas ya ruwaito cewa wanda ya bayar kafin sallah zakka ce karɓaɓɓiya, wanda ya bayar bayanta kuma sadaka ce cikin sadakoki. Shi yasa nake jin tsoron irin tarin da akeyi a wasu masallatai, a tara buhuna a ɗakin ladan ba'a raba ba sai kwana uku bayan Sallah, wannan ba daidai bane ko kaɗan.

Sannan ba dole sai kowane gida an bashi sa'i ɗaya ba, ya halatta ku haɗa na mutum goma ku baiwa gida ɗaya mai yara da yawa. Wannan yafi ma'ana akan a warwatsa ta kwano-kwano ba wanda ta yiwa maganin komai.

Kuɗin da kuka tara kuma ku tambayi kowa, musamman shi na Jidda, sadaka ce ko zakkar dukiya ce ya turo. In zakka ce to mutum takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa su ne masu ita, ba'a sayen ruwan taro ko buga allo da ita, kuma ba'a baiwa maraya dan maraicinsa kawai sai in mabuƙaci ne, dan akwai marayan da aka bar musu gado mai yawa.

Tambayarka ta waɗanda basa roƙo, ai Alƙur'ani ya riga ya faɗe su a Baƙara aya ta 273, wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamewa, ana gane su da alamarsu, basa naci wajen roƙon mutane. Maƙociyarku tana cikinsu insha Allah. Kuma aya ta 271 tace in an bayyana sadaka yayi kyau, in an ɓoye aka kaiwa talakawa shi yafi alkhairi, dan haka ba zan ce bayyanawa haramun bane, wani lokacin ma tana zaburar da wasu. Amma bayyana cewa an yi sadaka daban, bayyana fuskar wanda ya karɓa daban. Aya ta 264 ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, to in har mace ta gwammace yunwa akan hotonku ai ba sai an faɗa muku akwai cutarwa a ciki ba. Wallahu a'alam.

Ma'ajin Ƙungiya ya rubuta:

Slm. Ni zan ɗan saɓa kaɗan, ba dan ina son taro ba amma dan na riƙe kuɗin jama'a shekara shida a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma na ga abinda ke faruwa. Abokanka da sukace a nuna shaida kada ka ɗauke su marasa tausayi, gaskiya suka faɗa. Rabon dare a ɓoye shima yana da nasa ciwon, nan ne ake cusa gidan ƙanwar uwa da gidan su budurwa, in anyi magana ace ai sirri ne ba'a faɗa. Mu wata shekara haka akayi, buhu biyu suka ɓata tsakanin sito da gidajen mutane har yau ba'a san inda suka shiga ba, shekarar da ta biyo baya ko rabin kuɗin bamu samu ba saboda zargi ya shiga, kuma talakan da ake cewa ana rufawa asiri shi ya kwana a ciki.

Abinda muka koma yi shine, hoto kam ana ɗauka amma na kaya. Rasit ɗin Dawanau ko Singa ko Kwari duk a ɗauka, a ɗau bidiyon buhuna ana aunawa ana ƙullawa a leda, a ƙirga a gaban kowa. Sunayen gidaje kuma mutum uku kawai ke gani, ɗaya daga ƙungiya, sai liman, sai mai unguwa ko wani dattijo da kowa ya yarda dashi, su ukun su saka hannu a takarda cewa gida kaza aka kaiwa. Duk wanda ya fita kai kaya su biyu ne, ba'a tura mutum ɗaya. Sannan doka ce ɗan kwamiti baya saka sunan danginsa da kansa, in mabuƙata ne wani ya kawo sunan. Bayan Sallah a fitar da lissafi a guruf na WhatsApp, an samu kaza an kashe kaza saura kaza, har kuɗin adaidaita sahu a rubuta. Shi na Jidda ku kira shi ku faɗa masa labarin matar nan kamar yadda ka faɗa mana, bana jin mutumin da ya cire dubu 300 dan Allah zai nace sai yaga fuskar bazawara.

Taro dai kam ku rufa wa kanku asiri ku barshi, abin yanzu ya wuce gwiwar tsohuwa. A azumin 2024 a Bauchi wajen rabon zakka turmutsitsi ya kashe mutane, mata ne da yara mata. Disambar shekarar kuma a Ibadan yara 35 suka mutu a wajen wani taron rabon kyauta, kwana uku bayan nan a Okija ta jihar Anambra mutum 22, a rana guda kuma wasu 10 a wata coci a Maitama Abuja, duk wajen rabon abinci na ƙarshen shekara. Musulmi da Kirista duk abu ɗaya ne, yunwa tayi yawa, da an ji ana rabo gari guda zai taso. Ku samari 22 baku da ƙarfin tare mutum ɗari biyar, in rai ya salwanta ku za'a kama kuma ku da barcin kirki sai dai wani ikon Allah.

Maman Biyu ta rubuta:

Yaya Ma'aji gaskiya ka faɗa, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma dan Allah takardar sunayen nan a ƙona ta ko a bar ta wajen liman, kada ta shiga waya, da ta shiga waya ta gama gari.

Tela Mai Keke ya rubuta:

Ni tela ne shekara 19 ina kan keke, in dai kaya zakuyi to wallahi kun ma kusa makara. Azumi 16 yawancinmu mun rufe karɓar ɗinki, goman ƙarshe kwana muke a shago ga rashin wuta, wanda ya kawo a 25 sai dai ayi masa alƙawarin da ba za'a cika ba. Duk shekara sai anzo min da yadin marayu ana saura kwana uku, in ce bazai yiwu ba aga kamar bani da imani, alhali kayan mutane ne jibge tun Sha'aban. Yaro ya karɓi yadi a leda ranar jajibere me zai yi dashi? Uwar bata da kuɗin ɗinki, ƙarshenta sayarwa zatayi da asara.

In zakuyi ku tafi Kwari gobe goben nan ba jibi ba, ku sayi kala daban-daban kada ku ɗauko bandir ɗaya ku yayyanka, Hajiya Maman Biyu ta riga ta faɗi dalili kuma nima na sha gani. Yaro ƙarami yadi biyu zuwa biyu da rabi ya ishe shi riga da wando, atamfa turmi ɗaya yadi shida ne zai yiwa yara mata ƙanana biyu harda ɗankwali. Kuɗin ɗinki ku biya tela kai tsaye, ku raba wa teloli uku ko huɗu na unguwa kada ku tarawa mutum ɗaya. Awo kuma ba sai an jero yara zuwa shago ba, uwar ta bada tsohuwar rigar yaron a kawo mana mu ƙara ɗan tsawo shikenan, mu kanmu ba sai mun san na waye ba. In kuka ga lokaci ya ƙure to ku sayi na kanti ɗinkakku, ko jallabiya da hijabi da takalmi.

Ku yiwa telolin unguwarku magana, da yawa zasu rage kuɗi, ni duk shekara kala goma nake ɗinkawa kyauta kuma na san ba ni kaɗai bane, matsalar kawai a kawo da wuri.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan'uwana na Najeriya, ina yi muku barka da shan ruwa. Mu ma nan Nijar mun ga irin wannan masifa ta taro, a Diffa cikin watan Fabrairun 2020 wajen rabon tallahi ga 'yan gudun hijira mutane wajen 20 sunka rasu, mafi yawa mata da yara. Tun sannan ni ban yarda da layi ba.

Abin da nike so in ƙara shi ne ku yi tunanin bayan Sallah. Cikin azumi kowa hannunsa a buɗe yake, kunu da ƙosai ko'ina, masallaci kowane da buɗa baki, talaka har ya kan samu ya aje. Amma sati biyu bayan Sallah kowa ya koma harkarshi, kuma a ƙauye wahalar gaske tana gaba lokacin da rumbu ya ƙare damina ta faɗi ba'a kai ga sabon hatsi ba, wannan lokacin ne mutane ke cin bashin gero tiya guda su biya biyu da kaka. Mu a kartiyenmu, wato unguwarmu, abin da muka yi, kashi ukku muke raba kuɗin, biyu a yi Sallah da su, guda a aje. Da wanda aka aje bara mun sai ma mata huɗu kayan sana'a, wata kaskon tuya da mai da wake, wata buhun gawayi ta riƙa ƙullawa, jikka goma goma ne, wato sefa dubu goma goma, ba wani abu mai yawa ba, amma bana biyu daga cikinsu da kansu sunka ce a cire sunansu a ba wasu, ɗaya ma ta kawo nata karo-karon. Biyun kuma jarin ya karye, ɗaya ciwon ɗa ya cinye shi, ba zan ɓoye muku ba.

Sannan Babbar Sallah wata biyu da kwana goma ne tsakani, ku fara shiri tun yanzu. Mu watanda muke yi, a haɗa kuɗi a sayi sa a yanka a kasa, sai mu ƙara kashi biyar ko shida bisa lissahi waɗanda ba mai su, wanda ya saka kuɗi ya san da haka tun farko. Da an gama kasawa yara su ɗauka su kai gidajen da aka sani, kowa na ganin nama na yawo ranar ba mai tambaya na wane ne. Masu layya kuma mu kan bi su tun kahin Sallah mu roƙi cinya ko hannu guda, don in ka bari sai ranar, naman daga gidan mai shi sai gidan surukai da abokan da su ma sun yanka, mai rago ya aika ma mai rago, wanda bai yanka ba yana shaƙar ƙamshin suya ta katanga. Ayar Suratul Hajji ta ce ku ci ku ciyar da wanda ya kame da wanda ya roƙa, wanda ya kame ɗin aka fara ambata.

Ɗan Layin Makaranta ya rubuta:

Jama'a nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci, wallahi kun sauke min nauyi. Jiya da daddare na karanta musu amsoshinku ɗaya bayan ɗaya, da na zo kan na Anti Maman Biyu wajen ankon marayu shiru wajen yayi, wanda yafi kowa nacewa akan hoto shi ya fara cewa a bar shi. Mun kira yayan namu na Jidda, ashe shi bai ma taɓa cewa a ɗau fuskar kowa ba, mu ne muka ɗora masa, cewa yayi rasit ya ishe shi, kuma kuɗin sadaka ce ba zakka ba dan haka Malam muna da sarari.

Ga yadda muka tsayar. Dubu 400 abinci, dubu 160 kayan yara, dubu 80 mun ajiye sai bayan Sallah kamar yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi yace, duk da wasu sun so a kashe duka yanzu kuma har yanzu mutum biyu basu gamsu ba. Gidaje 35 zamu yiwa maimakon 80 na bara dan abin ya ɗan yi kauri, wannan ma sai da aka ja, dan rage suna ba daɗi wallahi. Mahaifiyata da malamar islamiyya da wata Baba unguwarzoma su ke haɗa sunayen, liman ya yarda zai riƙe takardar. Zakkar kono daban, ranar 28 zamu fara karɓa mu raba a daren, wanda ya kawo a 29 ma a daren zata fita. Hotunan bara kuma na goge su daga shafin ƙungiya tun da asuba.

Malam Tela yau da safe yara biyu suka tafi Kwari, telolin layinmu uku sun karɓa, ɗaya yace kala biyar kyauta. Saura takalma, girman ƙafa ne bamu san yadda zamu samu ba tunda ba'a so a tara yaran, in akwai mai dabara ya faɗa mana kafin jibi.

Tela Mai Keke ya rubuta:

Wannan mai sauƙi ne, wacce zata karɓo tsohuwar rigar ta tafi da zare ko tsinken tsintsiya ta auna tsohon takalmin yaron ta karya daidai, a ɗaure a jikin rigar. Ku ƙara rabin yatsa a kasuwa dan ƙafar yara bata jira.